Irin Kabewar Inna Fatu

Akwai wani magidanci a birnin Jidda mai suna Ikrama. Duk wanda ka tambaya a unguwar Safa zai ce maka ai wannan bawan Allah yana riƙe da mahaifinsa hannu bibbiyu. Kuma wallahi ba ƙarya suka yi ba.

Maganin hawan jini ba ya yankewa a ɗakin tsohon. Kowace Sallah da sabuwar jallabiya. Ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan, shi aka ware masa. Iƙamarsa kuwa, wato takardar izinin zama a ƙasar, tun kafin ta kusa ƙarewa Ikrama ya sabunta ta.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi wa mahaifinsa ba. Bai taɓa zama ya saurare shi har ya kai ƙarshen magana ba.

Ikrama haifaffen Jidda ne, shi ne shugaban masu sayarwa a wani kamfanin na'urorin sanyaya ɗaki. Wayarsa ba ta hutawa, shi ma ba ya hutawa. Yana jin Hausa sarai, amma in zai amsa, rabi Larabci ne ke fitowa. Da zarar tsohon ya gyara zama zai fara magana, amsar ɗaya ce: "Ba'adain, ya Baba." Wato sai an jima.

Mahaifin, Baba Usuman, mutumin Maiwurno ne ta ƙasar Sudan. Da yake Ikrama ɗan fari ne, tsohon ba ya kama sunansa. Tun ranar da aka ƙara masa girma a wurin aiki ya laƙaba masa "Mudir", wato manaja, shi ke nan sunan ya bi shi.

To, a ƙarƙashin gadon Baba Usuman akwai wani tsohon gwangwanin madara. A ciki akwai toka. A cikin tokar kuma akwai 'ya'yan kabewa.

Ba irin kabewar da ake gani a manyan kantuna ba ce. Wannan doguwar wuya gare ta, bayanta kore-kore mai zane, cikinta ja kamar manja, ga zaƙi. Kakar Baba Usuman ce ta ƙullo irin a gefen zaninta daga ƙasar Hausa, lokacin da ake takowa gabas da ƙafa don neman aikin hajji. Tafiyar ta tsaya musu a Sudan, irin ma ya zauna a can. Ranar da Usuman zai tsallako teku yana saurayi, mahaifiyarsa Inna Fatu ta damƙa masa nasa rabon a tsumma, ta ce, "Ba ni da abin ba ka sai wannan. Duk inda ka samu ƙasa, ka saka. Kada ya yanke a hannunka."

Bai sake ganin ta ba.

A gidansu na Nuzla, tsohuwar unguwarsu a Jidda, cikin rabin duro yake shukawa a ɗan tsakar gidan. Kabewar ta yi yaɗo ta haye rufi, ta leƙa gidan maƙwabta. Matarsa Amatullah, kafin Allah Ya yi mata rasuwa, da ita take yin miyan taushe, a bi gidaje da kwano-kwano. Kowace shekara sai ya ware kabewa ɗaya mafi ƙosawa, ya cire 'ya'yan, ya shanya, ya mayar cikin toka.

Ikrama ya sha miyar nan tun yana rarrafe. Labarin kuwa gutsure-gutsure ya sani. Ya san dai akwai wata Inna Fatu, akwai tafiyar ƙafa, akwai kabewa a wani wuri cikin zancen. Sauran duk suna cikin "ba'adain".

Da aikin rusau ya iso layinsu a Nuzla, Ikrama ya kwaso mahaifinsa ya dawo da shi Safa, can saman bene. Tsohon ya gwada shuka a bokiti a baranda. Zafin da injin sanyi ke hurowa waje ya ƙone yabanyar tun tana ganye biyu. Ya sake gwadawa, mai gadin gidan ya kawo ƙara wai ruwa na ɗiga a kan motocin mutane. Ikrama ya sauke bokitin ya kai bola, ya dawo da wata shukar roba mai kyau ya ajiye a gurbinta.

"Ka ga wannan, ya Baba, ba ta son ruwa, ba ta mutuwa."

Tsohon ya dubi shukar robar.

Shekaru suka soma turawa, gwangwani na ƙarƙashin gado. Shi kuwa iri rai gare shi, kuma ran nan ba ya jira har abada. Baba Usuman ya san haka. Ya san in bana ta wuce bai saka su a ƙasa ba, abin da ke cikin gwangwanin ya zama ɓawo kawai.

Da kaka ta shigo, zafin Jidda ya ɗan sassauta, wani yammaci tsohon ya tare ɗansa a falo.

"Mudir, zauna mana. Ina da magana."

"Ina ji, ya Baba." Idonsa na kan waya.

"Ka tuna Rafi'u? Maƙwabcinmu na Nuzla, dogon nan mai yawan dariya?"

"Aiwa, na tuna."

"To yanzu yana aiki a wata gonar kabewa can wajen Usfan. Ya yi wa mai gonar magana a kaina, mutumin kirki ne, ya ce..."

Wayar ta yi ƙara. Ikrama ya ɗaga yatsa ɗaya, ya shige ɗaki yana faɗa da wani direba a kan kayan da ba su isa ba. Da ya fito, fuskarsa a sake, kamar wanda ya warware wata babbar matsala.

"Gona ka ce ko? Halas! Ranar Asabar za mu je, duk gidan. Yara ma sun gaji da zaman bene. Za su ga kabewa a gona, a ɗauki hotuna, mu ci abinci a ƙarƙashin bishiya."

"Ai ban ƙarasa ba."

"Na gane, wallah na gane. Iska kake son sha, kuma ka yi gaskiya. Ka bar min komai."

Abin da bai tsaya ya ji ba shi ne: mai gonar ya yarda a bai wa tsohon ɗan gefe a ƙarshen gona ya shuka irinsa, Rafi'u kuma zai riƙa ba shi ruwa.

Ranar Juma'a da yamma Baba Usuman ya jawo gwangwaninsa. Ya kaɗe tokar, ya wanke 'ya'yan kabewar tas, ya jiƙa su a kwano don su farka kafin su shiga ƙasa. Duka ya juye, bai rage ko ɗaya ba. Sun tsufa, bai san wanne ne mai sauran rai ba, kuma bai ga wata shekarar da zai ajiye wa saura ba. Ya kai kwanon kicin ya ajiye a gefe. Bai gaya wa Latifatu, matar ɗansa, komai ba. Tsakaninsa da ita gaisuwa ce da sa albarka, irin ta suruki.

Washegari bayan sallar asuba tsohon ya yi zamansa a masallaci yana lazimi, kamar kullum, sai rana ta fito. Ikrama ya dawo da wuri don ya loda kaya a mota. Ya shiga kicin neman gorar shayi, sai ya ga kwanon.

"Latifa, ke kika jiƙa wannan?"

"A'a," ta amsa daga ɗakin yara, tana fama da kitson 'yarsu Yasmin. "Ina jin Baba ne, jiya na ji motsinsa a kicin."

Ku da kuka san Jidda kun san abin da yaron da ya tashi a garin zai gani in ya ga 'ya'yan kabewa. Fusfus zai gani. Abin ɓarewa ana hira, abin kallon ƙwallo, abin bakin teku. Ba a tafiyar mota mai nisa babu ƙullinsa. Kuma kowa ya san kafin a soya shi sai an jiƙa.

Sai tausayi ya kama Ikrama. Ya ce a ransa, Allah sarki, ashe tsohon nan fusfus yake marmari, yana jin nauyin ya ce a sayo masa, har ya zauna zai haɗa da kansa.

Ya naɗe hannun riga. Ya tsane su, ya barbaɗa gishiri, ya matsa lemun tsami, ya ɗora kasko. Ya tsaya a kai yana juyawa a hankali, wuta ƙasa-ƙasa, don kada ko ɗaya ya ƙone. Wayarsa ta yi ƙara, ya ƙi ɗauka. Ya daɗe bai yi wa mahaifinsa wani abu da hannunsa ba, kuma yana jin daɗin yin wannan ɗin. Da suka yi ja suka fara ƙamshi, ya juye a roba mai murfi, ya saka a jakar abinci.

Suka sauko, suka tarar da tsohon a bakin ƙofar gida ya dawo daga masallaci, da sandarsa.

"Yalla, ya Baba, shiga gaba."

"Tsaya in hau, akwai abin da na jiƙa a kicin."

"Na riga ka. Na shirya maka su, suna cikin jaka."

Baba Usuman ya tsaya cak. Ya ɗago ya dubi ɗansa da kyau.

"Kai da kanka?"

"Ni da kaina."

"Ba ka zubar da ko ɗaya ba?"

"Ko ɗaya."

Tsohon ya yi wani murmushi da Ikrama ya manta rabon da ya gan shi. Ya dafa kafaɗarsa.

"Ashe kana ji na, Mudir. Ni da nake cewa maganata iska ke kwashewa. Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya ba ka masu yi maka."

Ikrama ya ce amin, zuciyarsa fal. Ya yi mamakin yadda ɗan abu kaɗan ke faranta ran tsofaffi.

Suka kama hanya. Ba su gama fita gari ba Yasmin da ƙaninta Mazen suka gano robar a jaka. Nan da nan bayan mota ya cika da ƙwas-ƙwas.

"Kai, ku rage wa Sidi!" in ji Ikrama. Haka yaran ke kiran kakansu.

"Me za a rage min?" Tsohon bai waiwaya ba, idonsa na kan hanya.

"Fusfus, Sidi!" in ji Yasmin.

Tsohon ya yi dariya. Shi a zatonsa na shago ne. "Ni da wane haƙorin, amarya? So kike ki ƙarasa min ukun da suka rage, ki ce kin fasa auren? Ku ci abinku."

Ikrama ya gyaɗa kai. Ashe ma don jikokinsa ya jiƙa. Ya miƙa hannu baya, Latifatu ta zuba masa. Ya ɓare ɗaya, ya tauna. Kai! Bai taɓa cin fusfus mai garɗi irin wannan ba. Ya ƙara miƙa hannu.

Ana cikin haka wani babban mai sayen kaya ya kira, Ikrama ya maƙala abin ji a kunne. A gefensa tsohon ya buɗe baki yana ta zuba, yau ya samu mai saurare. Yana faɗin yadda zai saka uku-uku a rami. Yana cewa ko guda biyu suka tsiro ya gode wa Allah. Yana cewa in ta yi 'ya'ya, Latifatu za ta koyi miyan taushe irin na marigayiya. Ikrama na gyaɗa kai yana "aiwa, aiwa", amma da mutumin cikin waya yake.

Gonar ta yi kyau, ba laifi. Kabewa jajaye manya-manya zube a fili kamar an jera tukwane. An yi rumfa, an ajiye amalanken katako don masu hoto. Iyalai na ta shiga da fita. Mazen ya rungumi wata da ta fi shi nauyi ya faɗi da ita, Yasmin na ta ihu a ɗauke ta. Ikrama ya ɗaga waya yana ɗauka.

Shi kuwa Baba Usuman ko kallon wurin bai yi ba. Rafi'u ya taho da sauri, suka rungume juna, suka yi ta gaisuwa da tambayar mutanen Nuzla, wane ya koma Kurayyat, wane ya koma gida, wane ya rasu. Daga nan Rafi'u ya kama hannunsa suka nufi ƙarshen gona.

Da Ikrama ya gama hotuna ya bi bayansu, sai ya tarar da abin da bai gane ba. Wani ɗan fili ne a jikin shinge, an kafta shi, an zuba taki, an shimfiɗa siririn tiyo na ban ruwa. Mahaifinsa ya tuɓe takalmi, ya tattare jallabiya, yana tsaye a kan danshin ƙasa da ƙafa tsirara. Ya jingine sandar a shinge. Kamar an rage masa shekaru.

"Tun jiya na ba ta ruwa, Baba," in ji Rafi'u. "Ƙasar nan kamar ta san da zuwanka."

"Madalla. Mudir, kawo su."

"Me zan kawo?"

"Irin mana. Abin da na jiƙa."

Ikrama ya waiwaya. Ya dubi filin. Ya dubi tiyon. Ya dubi ramukan da Rafi'u ya riga ya tona a jere. Gishirin da ke kan leɓensa ya ji shi kamar wuta.

Bai san yadda ƙafafunsa suka kai shi mota suka dawo da shi ba. Latifatu ta ga fuskarsa, ta biyo shi da yaran. Ya miƙa robar. Abin da ya rage a ciki bai cika tafin hannu ba.

Tsohon ya buɗe. Idonsa ba ya gani sosai, don haka ya ɗauki ɗaya ya murza a yatsa. Ya kai hanci. Sannan ya ɗora a kan harshe.



"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Rafi'u a hankali.

"Wa ya soya?" Muryar tsohon ba faɗa a ciki.

"Ni ne, ya Baba. Na ɗauka... wallah na ɗauka fusfus kake so. Ban sani ba."

"Ba ka sani ba."

"Da ka gaya min..."

 Sau nawa aka fara gaya masa? A falo, a bakin ƙofa, a asibiti suna jiran likita, yau ɗin nan ma a mota.

Yasmin ba ta san me ake ciki ba. Ta ja rigar kakanta, da 'yar Hausarta mai tsalle-tsalle ta ce, "Sidi, akwai daɗi wallah. Ni na ci da yawa."

Latifatu ta rufe baki da mayafi.

Tsohon ya sunkuya ya shafa kan yarinyar. "Akwai daɗi ko, amarya?"

"Aiwa."

"To alhamdulillahi. Ko ba komai kin ɗanɗana."

Ya juya, ya durƙusa a bakin ramin farko. Ya ɗebi uku ya saka, ya mayar da ƙasa, ya danna da tafin hannu. Ya ja gwiwa zuwa na biyu.

"Ya Baba," in ji Ikrama, "soyayyu ne. Ba za su fito ba."

"Na sani, Ikrama."

Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Ya sha tunanin yadda zai ji in ranar ta zo. Bai taɓa zaton haka za ta zo ba.

"Ba shuka nake yi ba," in ji tsohon. "An ce duk inda na samu ƙasa in saka. Ga ƙasa na samu. Ai ba a barin mamaci a cikin roba."

Ya bi ramukan har inda 'ya'yan suka ƙare. Sauran ramukan suka tsaya a buɗe. Ya tashi da ƙyar, ya karɓi sandarsa, ya ce a kai shi mota, ya gaji.

Ikrama mutum ne da ya saba gyara abu in ya lalace, aikinsa ke nan. Nan take ya fara. Ya ruga wurin masu sayarwa ya sayo kabewa mafi girma a gonar. Ya ce wa Rafi'u a nemo iri mafi tsada, na kowace ƙasa ne, a cika filin da shi.

"Iri kam akwai shi buhu-buhu," in ji Rafi'u. "Amma ba shi Baba ke nema ba, ɗan'uwa."

Suka kama hanyar dawowa. Ƙatuwar kabewar na ta gungurawa a bayan mota duk lokacin da aka taka birki.

Da suka isa gida Ikrama ya wuce ɗakin tsohon ya jawo gwangwanin. Ya juye tokar a faranti, ya bi ta da yatsa, ya tankaɗe da rariyar shayi. Babu. Ya kwance bututun wurin wanke-wanke ko ɗaya ya zame lokacin da yake tsanewa. Babu. Ya sauka ya ɗaga kujerun mota, ya samu guda biyu a lungu, duk da gishirinsu.

Ya koma kan waya, wannan karon don mahaifinsa. Ya nemi dangi a Sudan. Amma tun da yaƙi ya ɓarke mutane sun watse. Wata lambar ba ta shiga, wata ta shiga hannun baƙo. Da ƙyar ya samu wani ɗan ƙanin Baba da ke gudun hijira a wani gari. Mutumin ya saurare shi, ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi.

"Kabewa? Ɗan'uwa, da kayan jikinmu muka fito. Tun kafin yaƙin ma an daina shuka irin waccan, kowa ya koma na kanti. Mu ai muna cewa in ta ɓace a nan, akwai ta wurin Baffa a Jidda."

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tuƙa mota zuwa Nuzla, ko Allah zai sa wani ɗa ya faɗi a tsohon tsakar gidansu ya tsiro da kansa. Ya kasa ma gane inda gidan yake. Fili ne fetal, tsakuwa da rana. Ya tsaya a inda yake zaton nan ne ɗakin mahaifiyarsa, ya daɗe, ya koma mota.

Sai ya koma yi wa kansa ƙarya. Ya ce wataƙila akwai ɗaya da wutar ba ta ratsa ba, ai a hankali ya soya. Ya shiga karance-karance a waya kan zafin da iri ke iya jurewa. Duk Asabar sai ya tafi Usfan shi kaɗai, ya tsuguna a bakin shingen yana duba ƙasa. Rafi'u bai hana shi ba, bai kuma daina ba wa wurin ruwa ba. Ciyawa ta fito. Wani ɗan tumatir da tsuntsu ya yar ya fito. A jerin ramukan nan kuwa ko tsinke.

Ranar da Rafi'u ya ce masa, cikin jin nauyi, mai gonar na son ya saka kubewa a wurin, Ikrama ya ce a saka.

Baba Usuman bai yi fushi ba. Da ma ya yi, da Ikrama ya samu sauƙi. Ya nemi gafara, tsohon ya ce, "Na yafe tun a gonar. Ai alheri ka yi niyya." Yana cin abincinsa, yana shan maganinsa, yana zuwa masallaci. Ya wanke gwangwanin ya bai wa Yasmin ta riƙa zuba kayan kitso. Sai dai ya daina tare kowa a falo. Ya daina cewa "zauna mana". Yakan zauna a baranda kusa da shukar robar nan, yana kallon motoci.

Wani yammaci Ikrama ya dawo daga aiki da wuri. Ya kashe wayarsa gaba ɗaya, ya bar ta a ɗaki. Ya haɗa shayi da kansa, ya kai baranda, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafun mahaifinsa, abin da bai yi ba tun yana yaro. Ya tattaro duk Hausar da ke bakinsa, bai sa Larabci ko ɗaya ba.

"Baba, ka ba ni labarin Inna Fatu. Daga farko. Da tafiyar ƙafar, da kabewar, duka. Yau ba inda za ni."

Tsohon ya dube shi. Babu gori a idonsa, babu ramuwa, gajiya ce kawai. Ya buɗe baki kamar zai fara. Ya dubi tafin hannunsa, inda babu komai. Can ya mayar da idonsa kan titi.

"Ba'adain, Mudir," ya ce a hankali.

Ikrama ya zauna a wurin, shayin na hucewa a tsakaninsu, har aka kira magariba.

Darasi: Ciyar da iyaye da tufatar da su wajibi ne, amma ba ya maye gurbin sauraronsu. Wanda bai tsaya ya ji ba, ko alheri ya tashi yi yana iya ƙona abin da ba za a sake samu ba, kuma "na gane" tun kafin a gama magana girman kai ne, ko da cikin ladabi aka faɗe ta. In Allah Ya bar maka tsoho a gida, yau ɗin nan kife wayarka, ka zauna, ka bar shi ya kai ƙarshen zancensa. Tambaye shi me ke cikin gwangwaninsa tun yana da marmarin faɗa. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san bakinsa ya saba da "sai an jima".